Mazari a Ƙasar da Auduga Ba Ta Fita: Kaɗin Matan Tibet

Duk wanda ya taso ya tarar da tsohuwa mai kaɗi a gidansu, ba sai an yi masa dogon bayani ba idan ya ga hoton macen Tibet zaune a bakin tanti tana aikinta. Hannun hagu a sama riƙe da curin gashi, na dama a ƙasa yana murza wani siririn itace, tsinin itacen kuma yana juyi cikin ɗan ƙoƙon da ta ɗora a cinya. Ta murza, ta ja, zare ya miƙe iya tsawon hannunta, ta dakata ta naɗe shi a jikin itacen, ta sake murzawa. Haka kakata take yi da auduga, sai dai ita takan dangwali alli don kada yatsu su yi mata santsi, mazarinta kuma yana da gululu. Na matan Tibet, wanda suke kira phang, sau da yawa itace ne zalla da aka sassaƙa, mai tumbi a tsakiya, mai tsini a kai da gindi. Nauyin tumbin nan shi ke yi masa aikin gululu.

Wannan kama ba aro ba ce. Matsala ɗaya ce ta tarar da su duka biyun, sai suka faɗa kan magani ɗaya. Zan zo kanta, amma sai mun fara sanin ƙasar, don ba a gane zaren sai an san abin da ya tilasta shi.

Tibet tudu ne da ke ƙarƙashin ƙasar Sin a yau, yawancinsa ya ɗara mita 4,000 sama da teku, yankin Changtang da ke arewa da yamma kuwa ya haura 4,500. A can itace ba ya tsayawa, hatsi ba ya nuna, balle auduga mai son zafin rana. Sanyin hunturu yakan sauka digiri 30 ƙasa da sifili, ga iska da ba ta hutawa. Abin da ƙasar ke bayarwa gajerar ciyawa ce, mutum kuwa ba ya cin ciyawa. Saboda haka makiyayan wurin, waɗanda ake ce wa drokpa, komai nasu ta jikin dabba yake biyowa: nono da mai da nama na ci, kashin da aka shanya na hura wuta kamar kandilo, fata da gashi na sutura da ɗaki. Sunan da suke kiran garken yak da shi ma nor ne, wato dukiya, daidai yadda makiyayi a nan zai ce maka ya kai dukiyarsa mashaya.

Yak sa ne na kan tsauni, mai dogon gashi har yana neman sharar ƙasa. A bakin masu shi namijin kaɗai ke amsa wannan suna, macen dri ake ce mata, shi ya sa sukan yi dariya idan baƙo ya ce a ba shi nonon yak. Yawansu a duniya ya haura miliyan 14, fiye da kashi 90 cikin ɗari kuma a cikin ƙasar Sin suke. Abin da ya shafe mu a jikinsa shi ne riga biyu gare shi. Ta waje ita ce tsipa, dogon gashi mai kauri da ƙarfi da ke zubowa daga kwiɓi da ciki. Ta ciki ita ce khullu, wani lallausan gashi gajere da ke tsirowa kusa da fata idan sanyi ya gabato, ya saki da kansa idan ɗumi ya fara shigowa wajen watan Mayu da Yuni. Ana tsefo shi da mataji ko a cizgo shi da hannu. Idan ba a yi ba, dabbar ta goge shi a jikin duwatsu, iska ta kwashe. Na ɗan maraƙi ya fi na babba laushi. Abin da ake samu a jikin dabba ɗaya a shekara bai cika wuce rabin kilo ba, idan aka tsince ƙasa da ciyayi da gashi mai kauri kuma sai ya ragu sosai.

Ban da yak akwai tumaki, masu ulu dogo mai maiƙo da ɗan kaushi, wanda ake sausayewa da bazara. Akwai kuma akuyar Changtang, wadda ita ma take da lallausan gashin ciki da ake kira lena, wanda 'yan Kashmir ke ce wa pashm. Masu auna kaurin gashi suna aiki da ma'aunin maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin kan mutum yakan kai wajen 70. Khullu yana tsakanin 16 da 20. Na akuyar Changtang yana tsakanin 12 da 15. Da zarar sili ya wuce wajen 30 sai fata ta fara jin sukarsa, shi ya sa rigar sanyi mai arha take sa mutum susa. Duk wahalar tsintar da mata ke sha kafin a kai ga mazari a kan wannan take, a raba mai suka da marar suka, sili bayan sili, da yatsu, a wurin da yatsun ke ƙagewa don sanyi.

Bayan tsinta sai shiɓa. Wasu suna yagalgala gashin da hannu har ya tashi ya yi sako-sako, wasu suna bugunsa da tsumagu biyu, wasu kuma suna da allunan taza masu haƙoran ƙarfe. Daga nan a ja shi ya yi tsawo kamar lagwani, a naɗa a wuyan hannu ko a ajiye curi-curi a kwando. Ulun tunkiya ba kullum ake wanke shi tas ba, domin maiƙon jikinsa yana sa ya yi daɗin ja, yana kuma hana tufar shan ruwa.

To, mene ne ma kaɗi? Ɗauki ɗan curin gashi ka ja shi gefe da gefe. Zai rabu ba tare da ka sa ƙarfi ba, don kowane sili zamewa yake yi a jikin ɗan'uwansa. Murɗa shi ka sake ja, sai ka ji ya cije. Murɗin ne ke matse sili da sili har su kasa zamewa. Iyakar sirrin ke nan, saura duk gwaninta ce ta sanin yawan murɗin da kowane gashi ke so. Ya yi kaɗan, zare ya tsinke a masaƙa. Ya yi yawa, zare ya riƙa nannaɗe kansa, tufar ta fito da tauri kamar buhu. Gajeren gashi ya fi dogo bukatar murɗi, siririn zare kuma ya fi kakkaura. Babu ma'aunin da ke gaya wa mai kaɗi ya isa. Babban yatsa da ɗan ali ne ke ji.

A nan ne maganar ƙoƙon ta shigo. Mazari iri biyu ne a duniya. Akwai wanda ake saki yana reto a iska, zaren da ake kaɗawa ne ke ɗauke da nauyinsa. Akwai wanda ake dasa tsininsa a kan wani abu, ƙasa ta ɗauki nauyin. Na farkon ya dace da dogon gashi irin tsipa, wanda kowane sili ya kama na gaba da nisa, ko an rataya masa nauyi ba zai saki ba. Amma khullu tsawonsa santimita 3 zuwa 4 ne, ga santsi. Rataya masa mazari kafin murɗi ya shige shi, sai ka ji fat, mazari a ƙasa. Shi ya sa mace take dasa phang a ƙoƙo. Ba abin da ke jan zaren sai hannunta, ita kuwa ta san iya jan da zai ɗauka. Auduga ma haka take, gajera ce mai zamewa, shi ya sa iyayenmu ba sa kaɗi a tsaye da mazari yana lilo. Wanda ya kalli ɗan itacen nan ya ce rashin ci gaba ne, bai taɓa gwada kaɗa gashi mai tsawon gaɓar yatsa ba.

Shi kansa ƙoƙon yana da labari. Kan iya zama na katako, ko cokali, ko fasasshen kofin shayi. A Ladak, yankin da ke hannun Indiya amma al'adunsa na Tibet ne, akan yi shi da tunkuzar ƙwallon wani ɗan itace da ake kira mishmish bayan an matse mai, a mulmula ta, a kwarkwashe tsakiya, a bari ta bushe. Ɗan man da ya rage a ciki shi ke sa tsinin mazari ya yi ta juyi ba ya cijewa. Ina jin daɗin irin wannan dabara da ba ta cin ko sisi.

Kada kuma a ɗauka kaɗi a Tibet na mata ne su kaɗai. Baƙi sun sha mamakin ganin ƙato yana bin garke, sanda a hammata, mazari yana reto a gabansa. Maza su suka fi kaɗa gashi mai kauri na yak da akuya, su tufka igiya, su kitsa majaujawar da suke kira urdo, wadda makiyayi ke wurga dutse da ita ya juyo da dabbar da ta yi nisa. Mata su ke da ulun tunkiya da duk abin da zai taɓa fata. Rabon yana bin gashin ne: mai tafiya ya ɗauki wanda ke jure reto, mai zama kusa da murhu ta ɗauki wanda ke son ƙoƙo. Saƙa kuwa ta danganta da yanki. A wurare da yawa mata ne ke kafa masaƙa a ƙasa, su ɗaura ƙarshenta a ƙugu, su jingina da baya don zaren ya miƙe. A Rupshu ta Ladak kowa da tasa masaƙar, maza suna saƙa gashi, mata suna saƙa ulu.

Zaren da ya sauka daga mazari bai gama ba tukuna. An murɗa shi ta fuska ɗaya, kullum so yake ya warware. Sai a haɗa biyu a murɗa su tare ta ɗaya fuskar, warwarar wannan ta riƙe warwarar wancan, su zauna lafiya. Mai kaɗi kuma tun kafin ta fara ta san inda zaren zai je. Na tsaye, wanda za a yi wadari da shi, dole ya sha murɗi don zai sha ja da guga. Na kwance ana barinsa da taushi don ya cika tufa ya riƙe ɗumi. Bambancin da masaƙanmu ke yi tsakanin zare da abawa ke nan.

Babban abin da zaren nan ke zama shi ne ɗakin kansa. Baƙin tantin makiyaya falle-falle ake saƙa shi da tsipa, kowane falle faɗinsa wajen kamu ɗaya da rabi, a ɗinke su gefe da gefe. Wanda ke ciki da rana zai ga haske yana tsiyayowa ta ƙananan ƙofofin saƙar, hayaƙi kuma yana fita ta nan. Zai yi zaton ruwan farko zai jiƙa shi. Amma da gashin ya sha laima sai ya kumbura, ƙofofin su toshe, ga kuma baƙin hayaƙi da maiƙon da suka daɗe suna like shi. Ba a yin sabon tanti gaba ɗaya sai idan sabon gida za a kafa. Abin da ake yi shi ne a cire fallen da ya ruɓe a sa sabo, bana ɗaya ko biyu, baɗi ma haka, har tanti ya girmi waɗanda ke kwana cikinsa alhali babu fallen farko ko ɗaya a jikinsa. Gidan da aka daina kaɗi, tantinsa ba ya faɗuwa a rana ɗaya, sabon falle ne kawai ke daina zuwa.

A kwarurukan tsakiyar ƙasar, inda ake noman sha'ir, zaren ulu yana zama nambu, wani kakkauran yadi da ake saƙawa siriri, a jiƙa a tattaka har saƙar ta haɗe, a ɗinka doguwar rigar da ake kira chuba. Yana kuma zama pangden, ƙyallen nan mai ratsi-ratsi masu launi da matar aure ke ɗaurawa a gaba, falle uku da ake haɗawa ba tare da ratsin wannan ya yi daidai da na wancan ba. Garin Chedeshol da ke yankin Lhoka ya yi suna a kansa, kamar yadda Gyantse ya yi suna a kan khaden, dardumar zama da kwanciya. Rini kuwa daga saiwa da ganye da ɓawo ake samunsa, ja da rawaya da ruwan ƙasa, sai shuɗi da ake yi da baba, wanda a da fatake suka riƙa haurowa da shi daga Indiya.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, don a nan zancen yake. Mu ƙaddara yadin da ke da zare goma a kowane santimita, tsaye da kwance. Mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, zai ci zare mita 1,000 na tsaye da 1,000 na kwance, wato kilomita 2. Mu ce gwana tana kaɗa mita 50 a awa. Awa 40 ke nan kafin a sami zaren wannan ɗan yadin. Idan riga za ta ci irinsa biyar, awa 200, ba a sa tsinta da shiɓa da tufka da rini da saƙar kanta ba. Idan zaren mai riɓi biyu ne, sai a ninka. Alƙaluman nawa ne na misali, kowa na iya sauya su, amma duk yadda aka juya, kaɗi ne ke cinye mafi yawan lokacin, masaƙa tana zaune tana jiran mazari.

Ina macen drokpa take samo waɗannan sa'o'i? Ita ce mai tashi kafin gari ya waye ta tatsi dri. Ita ce mai kaɗa nono ta fitar da mai, ta dafa ragowar ta yi cuku ta shanya. Ita ce mai bin makwancin dabbobi tana kwasar kashi da hannu tana shimfiɗawa ya bushe, mai ɗebo ruwa ko fasa ƙanƙara, mai dafa shayi da gishiri da mai sau ba adadi, mai sake tatsa da yamma. Babu wata rana da aka ware aka ce ta kaɗi ce. Kaɗi a tsakankanin ayyuka yake rayuwa: kafin tukunya ta tafasa, yayin da ake hira da maƙwabciya, da dare a gaban murhu, da kuma dogon hunturun da nono ya ja baya. Phang ya dace da wannan rayuwa don yana shiga cikin ƙirjin riga, ana ajiye shi a tsakiyar aiki a dawo a ci gaba, ranar ƙaura kuma ba ya neman dabbar da za ta ɗauke shi. Keken kaɗi ya fi shi sauri, amma keke yana son wurin zama da lokacin kansa.

Ga abin da nake gani, kuma na san masu son kayan gargajiya ba za su so jinsa ba. Sana'ar nan ta daɗe ne saboda ba a taɓa yi wa lokacin mace kuɗi ba. Awa 200 ɗin can babu wanda ya rubuta su, don ba daga aljihun kowa suka fita ba. Su kansu mutanen Tibet sun san kaɗi ba kullum yake zama abin sha'awa ba. A tarihin Milarepa, shahararren mai zuhudu kuma mawaƙinsu na ƙarni na 11 zuwa 12, an faɗi yadda bayan rasuwar mahaifinsa baffansa da gwaggonsa suka cinye gadon, suka mai da shi da uwarsa da ƙanwarsa bayi: da damina aikin gona wajen baffa, da hunturu aikin ulu wajen gwaggo. Shi kuwa da ya girma ya shiga kogo, ƙyallen auduga ɗaya tal ya yafa a wannan sanyi, daga nan ma laƙabinsa na repa ya fito, wato mai tufar auduga.

Kuɗin da ke cikin gashin Tibet kuwa tun da can ba a mazarin matan ƙasar yake tsayawa ba. Ɗanye yake fita. A yarjejeniyar Tingmosgang ta 1684, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin Tibet da Ladak, an sa sharaɗin cewa pashm ɗin yammacin Tibet ba za a sayar wa kowa ba sai Kashmir ta hanyar Ladak. A Srinagar, babban birnin Kashmir, ake kaɗa shi, a saƙa mayafan da sarakunan Indiya da matan manyan Faransa da Ingila suka yi ta rububi. Kwaɗayin wannan ciniki yana cikin abin da ya sa Zorawar Singh, kwamandan sarkin Jammu, ya ci Ladak a 1834, ya kutsa Tibet a 1841, inda sanyi ya karya rundunarsa, shi ma aka kashe shi a watan Disamba na shekarar. A rabin farko na ƙarni na 20 ulun tumaki ne babban abin da Tibet ke fitarwa. Alfadarai ke sauko da dilolinsa ta kwarin Chumbi zuwa garin Kalimpong na Indiya, a tsince a ɗaure, a kai Kalkata, jirgin ruwa ya wuce da shi Amurka a yi kafet. Gidajen fatake irin su Pangdatsang sun yi arziki da shi. Yaƙin Sin da Indiya na 1962 ne ya rufe hanyar, sai a 2006 aka sake buɗe mashigar Nathu La da ke tsakanin Tibet da Indiya don ɗan ƙaramin ciniki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mafi muni a wannan jeri shi ne shahtush, gashin wata barewar Changtang da ake kira chiru, wanda ya fi na akuya ma laushi. Ita ba a tsefe ta, harbe ta ake yi, uku zuwa biyar kafin a sami mayafi ɗaya. An haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1979, duk da haka a shekarun 1990 yawanta ya faɗo ƙasa da 75,000. A watan Janairun 1994 mafarauta suka kashe wani jami'i ɗan Tibet, Sonam Dargye, a dajin Hoh Xil yana ƙoƙarin tare su. Yanzu barewar ta farfaɗo sosai. Ko sili ɗaya na wannan gashi ba don rigar makiyayi ake cire shi ba.

Karon farko da kaɗin matan Tibet ya zama aikin lada mai yawa, a gudun hijira ne. Bayan 1959, lokacin da Dalai Lama, shugaban addinin Tibet, ya tsallaka Indiya dubban mutane suka bi shi, wasu sun tsaya a Nepal ba gona ba garke. A 1960 aka kafa musu cibiyar sana'a a Jawalakhel, kusa da Katmandu, da taimakon Red Cross da mutanen Suwizalan. Abin da suka zo da shi a hannu shi ne kaɗi da saƙar darduma. Kafin farkon shekarun 1990 darduma ta zama abin da Nepal ta fi samun kuɗin waje da shi, Jamus ce kan gaba wajen saye. Abin dariya shi ne aibin zaren hannu ne ya sayar da ita. Zaren inji kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, rini ya kama shi bai-ɗaya. Na hannu kuwa wani wuri ya ɗan yi kauri, wani wuri ya ɗan fi murɗi, sai launi ya fito da duhu a nan, haske a can, Bature ya ce wannan ne mai rai. Amma da kasuwa ta buɗe sai aka koma keke, ana biyan mai kaɗi a kan kilo, aka riƙa gauraya ulun Tibet da na Niyu Zilan, yawancin ma'aikatan ma suka zama 'yan ƙauyukan Nepal. A 1994 rahotannin sa yara aiki a masaƙun suka ɓata wa cinikin suna a Turai.

A can gida kuwa abubuwa da yawa ne suka taru wa mazari. Rigar sanyi ta roba da bargon kanti sun iso kowace kasuwar ƙauye a kan kuɗin da bai kai na tunkiya ba. Farin tantin tamfol ba shi da nauyi, mutum biyu sun kafa shi, ana ɗora shi a bayan babur. Sannan ga yartsa gunbu, wani naman gwari da ke tsirowa daga kan mushen tsutsa, wanda masu maganin gargajiyar Sin ke saye da tsadar da wani lokaci takan kamo ta zinariya. Ana tonon sa ne a Mayu da Yuni, daidai lokacin da yak ke sakin khullu. Iyalin da za su samu kuɗin shekara a mako shida suna rarrafe a gangaren dutse, wa zai ce musu su tsaya tsefe maraƙi? Gwamnatin Sin kuma tun 2003 take da shirin janye dabbobi daga wasu makiyaya da sunan farfaɗo da ciyawa, tana zaunar da makiyaya a jerin gidajen siminti. A 2013 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an sauya wa 'yan Tibet sama da miliyan 2 matsuguni ko gidaje tun 2006. A watan Fabrairun 2023 wasu ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce yaran Tibet kusan miliyan ɗaya suna makarantun kwana, zargin raba su da al'adunsu kuma Beijing ta musanta shi. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, yarinyar da ke kwana a makaranta ba ta zaune gefen kakarta da dare, kaɗi kuwa ba a allo ake koyonsa ba.

Ana ƙoƙarin riƙe abin ta hanya biyu. Ta farko ita ce ta hukuma: a 2006 Sin ta sa saƙar pangden da khaden cikin jerin al'adun da ƙasa ke karewa. Wannan yana kawo takardar yabo da masu yawon buɗe ido, amma takarda ba ta sa budurwa zama awa 40 a kan zaren mita ɗaya. Ta biyu ita ce a biya. A 2007 Kim Yeshi da 'yarta Dechen suka kafa masaƙar Norlha a ƙauyen Ritoma da ke yankin Amdo, a lardin Gansu, suka ɗauki makiyaya aiki da albashi, suna mai da khullu mayafai da ake sayarwa a manyan kantunan Turai. A ganina wannan ta fi kama hanya, don ta amsa tambayar da aka daɗe ana kaucewa, wato wa zai biya sa'o'in. Sai dai a san abin da aka ceto. Matar da ke zuwa aiki da safe ta tashi da yamma tana da kuɗin kanta, abin da kakarta ba ta taɓa samu ba, kuma ba na jin za ta yarda ta koma. Amma mayafin da ta yi ya fi ƙarfin aljihunta, shi kuma khullu mai yawa har yanzu ɗanye dillalai ke saye su kai masana'antu, inji ya tsince, inji ya kaɗa.

Akwai wani wurin kuma da mazarin yake samun sababbin hannaye. A Amurka da Turai, cikin masu kaɗi don nishaɗi, akwai nau'in da suke kira mazarin Tibet, mai faffaɗan gululu a gindi. Masassaƙa suna fere shi da inji daga itatuwa masu tsada, su haɗa shi da ɗan ƙoƙonsa na katako ko na tangaran, a saya ta intanet da dala. Khullu ɗin da za a kaɗa da shi ma a 'yar leda yake zuwa, tsintacce, shiɓaɓɓe, gram 50 ko 100. Masu saye sukan ce suna yi ne da yamma bayan sun taso daga aiki, don hankalinsu ya kwanta.